Murjani Mai Rai

Babana Nomau ya ci rani sau tara a Abijan.
Ya dawo da rediyo, da tari,
da ƙwanson dodon-koɗi guda.
Ya ce in kara a kunne.
Na kara. Ban ji teku ba,
kewar da ya taho da ita na ji.

Shekara talatin bayan nan,
ga ni mai yankan gilashi a kasuwar Tawa.
Na tara ragowar tagogin mutane,
na auna, na yanka, na manne,
akwati mai cin jarka uku.
Da safe na tarar da jarka ɗaya a kan tabarma.
Na sake mannewa.

Gishiri kuwa ga shi nan tuli,
na Bilma, na Foga, na miya,
amma teku ba ta cin gishirin miya.
Sai da Arzika direba ya sauka Lome
ya ɗauko mini ƙunshi kamar na magani,
jika bakwai, ban da goron hanya.
A ranar na fasa ɗinkin sallah.

Duwatsu masu huda kamar saƙar zuma.
Ɗan famfo daga cikin matacciyar na'urar sanyi.
Fitila shuɗiya, ta gwanjo,
sai an mare ta take kamawa.

Sannan jira.
Sati shida, ruwa yana zagaya kansa, ba kowa ciki.
Tankari ya leƙo ta katanga: "Ina kifin?"
Na ce ruwan ne bai nuna ba.
Ya ce, "A Tabalak, dala ɗari,
tarwaɗa har da yajinta."
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni jiƙa nawa na yi, na zauna ina kallo.

Suka iso cikin leda, cikin kula, cikin bas,
kifi biyu ruwan lemo masu farin ɗamara,
da reshen murjani bai kai babban yatsa ba.

Watan huɗu bai san baƙo ba.
Kuran ya ɗauke da azahar, famfo ya yi shiru.
Na ruga wurin Baraka mai ƙanƙara,
na jera gorunan sanyi a kan ruwa,
na ɗauki ludayin fura ina motsawa,
ni ne iska, ni ne igiyar ruwa,
har kiran assalatu.
Ɗaya bai kai safiya ba.
Na binne shi a gindin bedi.
Matata ta yi lissafi da yatsu,
ta ce kilonsa ya fi na rago tsada,
sannan ta miƙo mini ƴan kunnenta:
"Sayo batir."

Na koyi abu guda a kan bangon gilashi:
ruwa kan tashi ya bi rana,
gishiri ba ya bin kowa.
Duk maraice sai in ƙara ruwan daɗi
har zuwa layin da na ja da alli.

Ran wata Juma'a inna Tabawa ta zo,
da jan murjaninta a wuya,
wanda ya girme ni.
Ta ce, "Wannan ɗan tsiron ne murjani? Kai dai."
Na mari fitila. Muka jira.
Can sai ya buɗe hannuwa ƙanana,
ɗaya, biyar, ba iyaka,
suna lilo kamar gero cikin iskar damina.

Ta kama abin wuyanta, ta daɗe.
"Ashe abin da nake ratayawa tun aurena
ya taɓa jin yunwa."

Ta kwance bakin zane,
ta fito da ƙwanson Nomau.
"Sa shi ciki."

Na wanke shi sau uku.
Yana nan a kusurwar hagu, ya fara kore.
Kifin da ya rage a bayansa yake kwana.
Arzika yana bi na jika biyu har yanzu.